Yadda Ake Karanta Zane: Jagorar Gane Alamomi a Zanen Addini da na Tarihi

A babban gidan adana zane-zane na Landan akwai wani zane da Hans Holbein ya yi a 1533. Samari biyu ne 'yan Faransa, Jean de Dinteville da Georges de Selve, suna tsaye cikin shiga ta alfarma, tsakaninsu kanta cike da littattafai da kayan auna taurari. A ƙasa, daidai ƙafafunsu, ga wani dogon abu fari-fari a karkace, kai ka ce fenti ne ya zube. Na daɗe ina wuce shi. Ranar da na buɗe hoton a waya, na karkata ta na leƙo ta gefen dama, sai abin nan ya tattaru ya zama ƙoƙon kan mutum. Gabana ya faɗi. Da na koma na ƙura ido, sai na ga tsirkiya ɗaya ta molon da ke kan kantar a tsinke take, can kuma a lungun sama ta hagu, bayan koren labule, ga ɗan gicciye ya leƙo da ƙyar.

Mai zanen ya gama jera maka mulki da ilimi da dukiya, sannan ya yi maka hannunka mai sanda cewa mutuwa na kwance a tsakiyarsu. Masana da yawa suna ɗaukar tsinkakkiyar tsirkiyar a matsayin ɓarakar da ta shiga tsakanin Kiristocin Turai a wancan zamani, tunda kusa da ita akwai littafin waƙoƙin coci na mabiya Martin Luther a buɗe.

Irin wannan zane rubutu ne, karanta shi ake yi. Wajen shekara ta 600, Fafaroma Gregory na Ɗaya ya kare zanen coci da hujjar cewa wanda bai iya karatu ba, a bango yake karanta abin da malami ke karantawa a takarda. Karatu kuwa yana da ƙa'ida, ba a yinsa da shaci-faɗi. Kuma sanin abin da wata al'umma take nufi da zanenta ba yarda da aƙidarta ba ne, kamar yadda jin yaren mutum ba ya mai da kai ɗan ƙabilarsa.

Kafin mu shiga, ka riƙe bambanci guda. Alama abu ɗaya ce da ke tsayawa a madadin wani: ƙoƙon kai a madadin mutuwa. Alamtarwa kuwa ita ce duk zanen ya zama dogon misali, galibi ta hanyar mutuntarwa, inda za a ɗauki adalci ko zalunci a ba shi jiki da fuska da tufa.

Mataki na farko: lissafa abin da ido ya gani, kafin baki ya yi fassara

Nan ne mafi yawanmu muke tuntuɓe, don garaje. Ɗauki takarda da biro, ka ba zanen minti goma, ka rubuta duk abin da ke ciki da sunansa na zahiri. Ka rubuta “kare”, kada ka rubuta “amana”. Ka fara daga tsakiya, ka bi gefuna, ka ƙare da lunguna huɗu, don masu zane sun fi ɓoye magana a lungu. Gidajen adana kayan tarihi da yawa sun sa hotunan kayansu a intanet da inganci sosai, kana iya buɗa hoto har ka ga sawun burushi.

Gwada da zanen wani attajiri mai suna Arnolfini da Jan van Eyck ya yi a 1434, shi ma yana Landan. Namiji da babbar baƙar hula, mace cikin koriyar riga mai tarin yadi, hannunta cikin nasa. Ɗan kare a gabansu. Takalman katako a cire a gefe, wasu jajaye can ciki. Lemo a bakin taga. Fitilar tagulla mai rassa a rataye, kyandir ɗaya tak ke ci, alhali rana ce. A bangon baya ga madubi mai ƙumbo, kewaye da shi ƙananan da'irori 10 masu ɗauke da labarin shan wahalar Almasihu yadda Kiristoci suka ruwaito shi. Cikin madubin ana hango wasu mutum biyu a bakin ƙofa. Sama da shi kuma an rubuta da Latin cewa Jan van Eyck ya kasance a nan, 1434.

Lura, ban ce matar tana da ciki ba. Ido na cewa haka, amma yadin rigar ne ta tattaro ta ɗora a gaba, kuma siffar da ake yayi ke nan a lokacin: shi wannan mai zanen ya yi wa waliyyiya Katarina, wadda budurwa ce, irin wannan siffa a wani aikinsa na 1437. Wanda ya tsallake lissafi sai ya yi wa rogo kallon kitse, ya gina dogon bayani a kan abin da babu shi.

Erwin Panofsky, masanin tarihin zane ɗan Jamus, ya tsara karatun zane hawa uku a 1939: abin da ake gani, labarin da ake nufi, da tunanin zamanin da ya haifi zanen. Duk matakan da ke tafe daga wannan tsani suka fito.

Mataki na biyu: wa ya biya, kuma a ina aka ajiye shi?

A da, mai zane ba ya tashi haka kawai ya zana abin da ransa ke so. Sarki ne, ko coci, ko majalisar gari, ko attajiri ke ba da aiki, har a rubuta yarjejeniya. Ruwa ba ya tsami banza. In ka san mai biya, ka san rabin saƙon.

A fadar birnin Siena ta Italiya, Ambrogio Lorenzetti ya zana bangon wani zaure tsakanin 1338 da 1339. A bango guda ga kyakkyawan mulki: Adalci na zaune da ma'auninta, igiya ta sauko daga ma'aunin, ta bi ta hannun Jituwa, ta ratsa hannayen 'yan gari 24, ta ƙare a hannun wani dattijo da ke wakiltar maslahar gari. Zaman Lafiya na kishingiɗe a kan sulken yaƙi da reshen zaitun a hannunta. A wani bangon ga Zalunci da ƙahoni da fiƙoƙi, Adalci a ɗaure a ƙarƙashinsa, gidaje na rushewa, gonaki sun zama kufai. To, zauren nan shi ne inda mutum tara masu mulkin birnin suke zaman shawara. Su ne masu kallon, kullum. Da zarar ka san haka, zanen ya tashi daga ado ya koma gargaɗi. Ni wannan igiyar ce ta fi taɓa ni: babu wanda aka ɗaure da ita, kowa da hannunsa ya riƙe.

Zanen tarihi kuma, ka riƙa yi masa tambayar da ake yi wa maroƙi. Jacques-Louis David ya zana Napoleon a 1801 bisa ingarman doki ya yi tsaye da ƙafa biyu, yana haye tsaunukan Alps. A gaskiya bisa alfadari ya haye su a 1800. Duba duwatsun da ke ƙasan zanen: an rubuta sunansa kusa da na Hannibal da Charlemagne, manyan da suka ratsa tsaunukan da runduna kafin shi. Kirari ne aka yi da fenti.

Mataki na uku: gane mutum ta abin da ke hannunsa

Babu wanda ya san kamannin yawancin mutanen da ake zanawa, don haka aka ba kowa shaida. A zanen Kirista, dattijo da mabuɗai Bitrus ne, saboda Linjilar Matiyu 16:19. Mai takobi da littafi Bulus ne. Mace kusa da karyayyiyar ƙafar keke mai ƙusoshi Katarina ce ta Iskandariya. Saurayi da kibau a jiki Sebastian ne. Dokar a nan mai sauƙi ce: wanda aka kashe saboda addininsa, yawanci yana riƙe da abin da aka azabtar da shi, da kuma ganyen dabino. Marubuta Linjila huɗu su ma kowa da tasa: Matiyu mutum mai fukafuki, Markus zaki, Luka sa, Yohanna gaggafa. Shi ya sa zaki mai fukafuki ya cika birnin Venis, don Markus ne waliyyin birnin.

A Indiya hannun kansa ke magana. Mutum-mutumin Buddha da ya miƙa yatsun dama ya taɓa ƙasa, lokacin wayewarsa ake nufi, sa'ad da ya kira ƙasa ta yi masa shaida. Tafin hannu a ɗage yana fuskantarka na nufin kada ka ji tsoro. Dogayen kunnuwansa tuni ne cewa ɗan sarki ne da ya cire manyan 'yan kunne ya bar fada. Shiva mai rawa, abin bautar Hindu, wanda maƙeran daular Chola ta kudancin Indiya suka yi ta zubawa da tagulla a ƙarni na 10 da na 11, yana da ƙaramar ganga a hannu ɗaya, alamar fara halitta, wuta a ɗaya, alamar ƙarewarta, ƙafarsa kuma na take wani wada da ke wakiltar jahilci. Yawan hannaye ba ƙoƙarin zana dodo ba ne. Jimla ce mai sassa da yawa.

Shawarata, ka buɗe ɗan littafi na kanka, duk shaidar da ka gane ka rubuta ta tare da inda ka gan ta. Kafin ka cika shafi biyar, za ka ga kana gane mutane tun daga nesa.

Mataki na huɗu: nemo rubutun da ke bayan zanen

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ke raba mai karatu da mai kintace. Kusan duk zanen addini yana da nassi a bayansa.

A takardar Ani, wani magatakardan Misira da ya rayu wajen shekara 1250 kafin Miladiyya, wadda take gidan tarihi na Birtaniya, an zana ma'auni: zuciyar mamaci a ɗaya gefen, gashin jimina a ɗaya. Anubis, abin bautarsu mai kan dila, na duba ma'aunin, Thoth, abin bautarsu na rubutu, na rubutawa, wata halitta mai kan kada da gaban zaki da bayan dorina na jira a gefe. In ba ka san gashin nan shaidar Ma'at ba ce, wato gaskiya da daidaito a wurinsu, sai ka ga dabbobi kawai. Rubutun da ke kewaye shi ke gaya maka cewa shari'a ake yi, kuma zuciyar da ta rinjayi gashin, halittar can ce za ta haɗiye ta.

Ga misalin da na fi so. A ƙarni na 14, a Alƙahira ta zamanin sarakunan Mamluk, an yi fitilun masallaci na gilashi masu ado, an rubuta Ayatun Nur, aya ta 35 a Suratun Nur, a wuyan da yawa daga cikinsu. Ayar ta kwatanta hasken Allah da fitila a cikin gilashi. Ka yi tunanin an kunna ta da dare, haske na ratsowa ta tsakanin haruffan: abin da ayar ta ba da misali da shi, ga shi a rataye sama da kan mai salla. Babu surar kowa, amma alamtarwa ta kai maƙura. A cikin fitilar kuma ka nemi tambarin mai biya: kofi na nufin mai shayar da sarki ne, gidan alƙalami na nufin magatakardansa ne.

Wani lokaci nassin ne ke tona kuskure. Mutum-mutumin da Michelangelo ya sassaƙa a Roma wajen 1515 da sunan Annabi Musa yana da ƙahoni biyu. Asalin abin daga fassara ne: a littafin Fitowa 34:29, kalmar Ibrananci da ke bayanin hasken fuskarsa tushenta ɗaya da kalmar ƙaho, kuma fassarar Latin ta malamin coci Jerome ta ɗauki ƙaho. Masu zanen Turai suka bi ta ɗaruruwan shekaru. Kifin da ke kaburburan Kiristocin farko shi ma zaurance ne: haruffan kalmar kifi a Girkanci su ne farkon kalmomin wata jimla ta shaidar bangaskiyarsu.

Mataki na biyar: girma, matsayi da launi

A allon dutse na Sarki Narmer na Misira, wajen shekara 3100 kafin Miladiyya, sarki ya ninka kowa tsawo. Girma a nan daraja ce, ba ƙira ba. A zanen ranar shari'a na coci, masu tsira suna daman Almasihu, wato hagunka kai mai kallo. Kada ka juya su. Shuɗin rigar Maryamu daga dutsen lapis ake niƙo shi, wanda ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan, kuma tsadarsa ta sa masu ba da aiki suna ambatonsa a yarjejeniya. Da'irar haske a bayan kai tsarki ce, amma in ka gan ta mai kusurwa huɗu, mutumin yana raye lokacin da aka yi zanen, kamar Fafaroma Paschal na Ɗaya a cocin Santa Prassede ta Roma a ƙarni na 9.

Mataki na shida: macen da ba mace ba ce

In ka ga mutum a zanen tarihi wanda shigarsa ta saɓa wa ta kowa, ka tsaya. A zanen Eugène Delacroix na 1830 da ke Luvur a Faris, kowa na sanye da kayan zamaninsa: mai doguwar hula da bindiga, yaro da ƙananan bindigogi biyu, gawarwaki a ƙasa. Sai mace guda ba takalmi, da tufa irin ta gumakan Girka, da tuta mai launi uku, da jar hula mai lanƙwasa a ka. Ba wata jaruma ba ce da ta yi yaƙin. 'Yanci ce aka mutuntar, hular kuma tsohuwar alamar 'yantuwa ce. Kuma ba juyin juya halin 1789 ba ne, kamar yadda ake yawan zato; boren Yulin 1830 ne da ya kori Sarki Charles na Goma.

Masu zanen Turai har ƙamus gare su na wannan. Cesare Ripa ya wallafa shi a 1593, ya bayyana yadda za a zana kowace ɗabi'a da abin da za ta riƙe. In mace na riƙe da ma'auni da takobi, Adalci ce, anga, Bege, madubi da maciji, Hangen Nesa.

Mataki na bakwai: duba abin da aka ƙi zanawa

A ƙofofin wurin ibadar mabiya Buddha da ke Sanchi ta Indiya, masu shekara kusan 2000, an sassaƙa tarihin Buddha ba tare da surarsa ba: doki ba mahayi da laima a samansa, kujera ba kowa, sawun ƙafa. A babban masallacin Dimashƙa da Halifa Walid ya gina a farkon ƙarni na 8, bango na ɗauke da koguna da itatuwa da gidaje bisa zinare, babu mutum ko dabba. Wasu masana sun ce Aljanna ake nunawa, wasu sun ce birnin ne da koginsa Barada. Rashin nan da gangan ne, shi ma magana ce.

Mataki na takwas: san inda za ka tsaya

Alama ba ta da ma'ana guda har abada. Mujiya a kuɗin Atina hikima ce, a zanen cocin Turai na tsakiyar zamani sau da yawa duhu ce. Macijin almara mai ƙafafu Shaiɗan ne a ƙarƙashin mashin waliyyi George, amma a Sin mai farata biyar na sarki ne. Alamar suwastika sa'a ce a Indiya tun dubban shekaru kafin 'yan Nazi su ɗauke ta a 1920. Ko ƙyallen da ke rufe idon Adalci, a a wani littafi da aka buga a Basel a 1494, wawa ne ke ɗaura mata shi don kada ta ga gaskiya. Daga baya ne ya koma alamar rashin son kai. Zaki kaɗai, a addini ɗaya, yana iya zama Markus, ko abokin Jerome da ake zanawa a gefensa, ko Almasihu, ko Shaiɗan.

Saboda haka, kafin ka ce “wannan na nufin kaza”, ka cika sharaɗi uku: ka samo ma'anar a rubutun zamanin da wurin, ka ga an maimaita ta a wasu zanukan lokacin, kuma ta dace da sauran abin da ke cikin zanen. Mu koma ga Arnolfini. Panofsky ya ce a 1934 ɗaurin aure ne, kare amana, kyandir idon Ubangiji, cire takalmi tsarkin wuri, sa hannun mai zane kuma shaida. Bayani ne mai daɗi, amma waɗanda suka biyo baya sun ja da shi, har yau ba a daidaita ba. Lemon nan mai yiwuwa alama ce, mai yiwuwa kuma attajiri ne ke nuna yana iya sayen abin da ake kawowa daga nesa. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu mai da kowane zane wani asiri na ƙungiyar ɓoye; suna raina wa mai zane wahalarsa, suna raina wa mai kallo hankalinsa.

Gwaji

Nemi zanen da Bichitr ya yi wa Jahangir, sarkin daular Mughal ta Indiya, wanda aka yi tsakanin 1615 da 1618, yana gidan adana zane na Freer a Washinton. Lissafa tukuna: sarki ya fi kowa girma, yana zaune bisa agogon yashi, yashin ya kusa zubewa, bayan kansa rana da jinjirin wata sun haɗu. Mutum huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa. Na sama dattijo ne mai farin gemu, shi sarki ke miƙa wa littafi: Shaihu Husaini, mai kula da hubbaren Mu'inuddin Chishti a Ajmer. Ƙasa da shi sarkin Usmaniyya, sai Sarki James na Ɗaya na Ingila, sai mai zanen da kansa. Mai biya sarkin ne, laƙabinsa kuma Nuruddin, ka ga inda hasken ya fito. Rubutun Farisancin da ke gefe ya ce ko da sarakuna na tsaye a gabansa, idonsa na kan masu zuhudu. Yanzu sai ka buɗa ƙasan agogon, inda wasu yara biyu masu fukafuki suke rubuta masa addu'ar shekara dubu a jikin gilashin, ka dubi sauran yashin da ya rage a sama, ka rubuta naka karatun.